Ranar da Na Zuba Yaji a Cikin Teku

A shekarata ta farko ta karatu a birnin Sendai na ƙasar Japan, na ƙudurta sayen wani abu da zai nuna wa baƙi cewa mai ɗakin nan ya san darajar kaya. Na hau jirgin ƙasa zuwa Ishinomaki, daga can na shiga bas zuwa Ogatsu, ƙaramin garin bakin teku da ya yi suna wajen sassaƙa baƙin dutse. Ambaliyar tsunami ta ranar 11 ga Maris, 2011 ta share garin, amma sana'ar da ta kai kusan shekara 600 ba ta mutu ba. Na ga masassaƙi ya tokare ƙotar kurfi a kafaɗarsa yana turawa da nauyin jikinsa duka, har na ji tausayin dutsen.

A shagon akwai farantan cin abinci na dutse, shimfiɗaɗɗu kamar allo, waɗanda na yanke hukuncin cewa ba a gama aikinsu ba, domin ban ga inda miya za ta tsaya ba. Kusa da su kuwa akwai wasu ƙanana masu kwarmi a gefe guda, nan take na ce wannan shi ne aikin mai hankali. Mai shagon ta yi mini dogon bayani, ni kuma ina ta amsawa da "hai", wato "to" da Japananci, wadda ita ce kalmar da na fi iyawa a lokacin. Ta haɗa mini da wani baƙin sanda mai rubutun zinariya, na ɗauka gyara ce, sai daga baya na gane na biya kuɗinsa.

Da Asabar ta zo na gayyaci maƙwabcina, wani dattijo da ke koya wa yara rubutun hannu. Na gasa tsire, na jera a shimfiɗaɗɗen wurin, wanda bai ɗauki fiye da yanka huɗu ba, abin da na danganta da ƙarancin cin mutanen ƙasar. A cikin kwarmin na zuba yajin da na taho da shi daga gida, na ɗiga man gyaɗa. Baƙin sandan kuma na ajiye shi a gefe domin a ɗora tsinken cin abinci a kansa.

Dattijon ya zauna ya zuba wa abin ido, irin kallon da malamin tsangaya zai yi idan ya iske almajiri yana yanka albasa a kan allonsa. Saboda kunya irin tasu sai da ya ci yanka ɗaya, ya yaba, sannan ya bayyana mini a hankali cewa sunan abin suzuri, dutsen niƙa tawada ne. Shimfiɗaɗɗen wurin ana kiransa tudu, kwarmin kuma teku. Ana ɗiga ruwa a tudun, a goga sandan, wanda sunansa sumi, kunkunniya ce da aka kwaɓa da danƙon fatar dabba, sai tawada ta gangara ta taru a tekun. Fuskar dutsen tana da ƙananan haƙora da ido ba ya gani, kuma babu abin da ke toshe su kamar maiƙo. Ya ƙara da cewa Date Masamune, sarkin da ya kafa Sendai, ya daraja duwatsun Ogatsu ƙwarai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni ne na shekara bakwai a makarantar allo ina dafa tawada da ƙaro, amma na kasa gane 'yar uwarta. Cikin ruɗewa na ɗauki sandan da jiƙaƙƙen hannu ina jujjuyawa, sannan na share gumin goshina, sai dattijon ya miƙo mini tsumma yana kallon rufin ɗaki.

Kwana uku na yi ina wanke dutsen da ruwan ɗumi. A rana ta huɗu ya dawo da alƙalaminsa na gashi, ya niƙa tawadar da kansa, ya tsoma, ya sunkuya zai ja layin farko, sai ya yi atishawa sau uku a jere.