Mara lafiyan da ba zai iya zuwa asibiti ba

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A zamanin Annabi (SAW), a masallacinsa da ke Madina akwai wata rumfa da ake kira Suffa. Nan talakawan da ba su da gida ba su da iyali suke kwana, Abu Huraira (RA) ma yana cikinsu. Manzon Allah ya ce wa sahabbai mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku, mai na mutum huɗu ya tafi da na biyar ko na shida. A masallacin nan kuma Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta tana jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantin aka kwantar da shi don Annabi ya riƙa duba shi daga kusa.

Mu fa? Da azumi muna ƙoƙari, kunu da ƙosai har ƙarƙashin gada, Allah ya saka da alheri. Amma ana sallar idi sai a kife tukunya, alhali yunwar Shawwal ba ta fi ta Ramadan sauƙi ba. Magani kuwa ko tunaninsa ba ma yi.

Ku leƙa tasha ko bakin kasuwa bayan isha'i. Ga dattijo a kan kwali, ƙafa ta yi gyambo, ya ɗaure ta da tsumma da leda, ƙuda na bi. Cewa "a je asibiti" ba wuya. To wa zai ba shi kuɗin mota, ya yankar masa kati, ya zauna jinyarsa? Irin wannan bawan Allah sai dai magani ya same shi inda yake kwance.

A hadisin da Muslim ya ruwaito, ranar ƙiyama Allah zai ce: "Ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba." Bawa ya ce ta yaya, kai ne Ubangijin talikai? Sai Ya ce bawana wane ya yi rashin lafiya, da ka duba shi da ka same ni a wurinsa. Wallahi hadisin nan yana ba ni tsoro.

Da wuya a rasa nas ko mai kemis a sahun masallacinku, haka mai a daidaita sahu. Ku ware rana ɗaya a mako. A ɗauki kular abinci mai zafi, da abin auna hawan jini, da na gwajin zazzaɓin cizon sauro, da bandeji. A wanke ciwo, wanda jikinsa ya yi tsanani a ɗauke shi zuwa asibiti, wani ya tsaya masa. A tafi da mace ma'aikaciyar lafiya saboda mata. Kuma don Allah a bar waya a aljihu, kada a ɗauki hoton kowa.