Wasa kaɗai ba ya riƙe ɗan wasa: sai da alƙalami da littafin kuɗi

Jama'a, musamman ƙannenmu masu wasan kwaikwayo a Garwa da Marwa da Ngaundare har zuwa Kusiri, ga wata magana da ba kowa zai so jinta ba. Hawa dandamali kaɗai ba ya riƙe mutum a wannan sana'a a arewacin Kamaru. Wanda ya iya wasa amma bai iya rubuta shi ba, bai kuma iya haɗa shi daga neman fili har biyan mai lasifika ba, ɗan haya ne: ranar da mai gida ya tashi, shi ma ya tashi. Ƙungiyoyi nawa ne suka watse don kawai mai rubuta musu ya sami aiki a Yawunde, ko mai nemo musu kuɗi ya yi fushi?

Amma abin hawa-hawa ne, kuma ina ganin kuskure ne a tsallake na farko. A fara da wasa. Marubucin da bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku ba, a shafin farko ake gane shi: jimla mai tsawon layi huɗu wadda ba mai iya faɗinta da numfashi ɗaya, mutum biyu zaune kan tabarma minti goma suna muhawara ba wanda ya motsa. Dandamali ne ke koya maka cewa murya daga ciki take fitowa, ba daga maƙogwaro ba, kuma tsohuwar da ke layin ƙarshe ita ake wa magana. Shi ke koya maka kada ka ba 'yan kallo baya sa'ad da kake faɗin abin da labari ya rataya a kai, kuma in aka fashe da dariya ka dakata ta lafa, in ba haka ba jimlarka ta gaba ta bi iska. Wannan ba a littafi ake samunsa ba. Shekara biyu ko uku kana karɓar kowane matsayi, ɗan aike yau, alƙali gobe, kana kuma taya ɗaura labule.

Sai rubutu, kuma nan ne muka fi rauni. An saba a ce ai wasan Hausa ba ya son takarda, a faɗa wa kowa abin da zai faru ya shiga ya yi da bakinsa, ai haka su Samanja suka yi. Gaskiya ne da yawa daga wasannin rediyo da talabijin na Kaduna a kan tsarin labari aka gina su, 'yan wasa su cike da nasu. To amma su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero mutane ne da suka yi shekara da shekaru tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ajiye magana. Yaran lise, wato sakandare, shida da suka haɗu makon jiya ba su da wannan. Abin da ke faruwa kullum iri ɗaya ne: mai barkwanci ya cinye fitowar kowa, wasan minti arba'in ya koma awa biyu, a kira magariba ba a kai ga warware rikicin ba, mutane su watse. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka sani da Kasagi, ɗan wasa ne, amma ya zauna ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, aka buga a 1979, ɗalibai suka yi ta karantawa a makarantu. A Chadi Baba Mustafa ya rasu a 1982 yana ɗan shekara talatin, wasanninsa na nan saboda a rubuce suke, har gidan al'adu a Injamena na ɗauke da sunansa.

Ga ma'aunin da ke aiki a irin filayenmu. Wasa kada ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya. Shafi guda na zance da aka buga a kwamfuta yana cin minti ɗaya da rabi zuwa biyu in an haɗa da motsi da dariya, don haka shafi 25 zuwa 30 ya isa. Kada ka yarda da ƙiyasi, tara mutanenka su karanta da ƙarfi, agogo na hannunka. 'Yan wasa biyar zuwa bakwai, mutum ɗaya ya ɗauki ƙananan matsayi biyu, ya sauya hula da murya. Duk mutum ɗaya da ka ƙara, ka ƙara kuɗin moto a kowane gwaji da kujera guda a motar tafiya. Wuraren labari kada su fi uku, a ce tsakar gida, zaure, bakin kasuwa, domin sauya kayan dandamali in ya wuce minti ɗaya yara sun fara guje-guje. Rikicin ya bayyana cikin minti biyar na farko.

Harshe kuwa sai an zauna an yanke, ba a bar shi ga sa'a. 'Yan kallo a Garwa akwai mai jin Hausa, akwai wanda Fulatanci ne kawai ke shigarsa, akwai ɗan makarantar da Faransanci ya fi zama masa. Dabarar da ba ta aiki ita ce a faɗi magana da Hausa a maimaita ta da Fulatanci, wasa ya ninka tsawo ya mutu. Wadda ke aiki, a ba kowane mutum harshen da zai yi a zahiri: ma'aikacin ofis da Faransanci, kaka da Fulatanci, ɗan kasuwa da Hausa, sannan a rubuta amsar kowa ta yadda wanda bai ji tambayar ba zai gane ta daga amsar.

Wani abu da ke kashe marubutanmu shi ne wasan wayar da kai. Ba na raina shi, shi ke kawo kuɗi: kwalara, allurar shan inna, karatun 'ya mace. Sai dai an mai da shi wa'azi da kayan wasa. Jahili ya ƙi, likita ya zo ya yi jawabi, jahili ya tuba. Kowa ya san ƙarshen tun daga fitowa ta farko. Ka ba mai ƙin nan hujja ta gaske, ka sa uban da ke son cire 'yarsa daga makaranta ya zama mutum mai hankali da bashi ya sha masa kai, sai ka ga mazan da ke tsaye a baya sun matso. Masu tashe da azumi sun fi mu sanin wannan, suna yi wa gwauro da mai rowa ba'a, unguwa na dariya, saƙo ya isa ba wanda ya yi lacca.

Shiryawa ita ce aikin da ba a tafa wa, ita ce kuma ke sa a ci abinci. Kalanda tukuna. Maris da Afrilu zafin Garwa na haura digiri 40, wasa a fili kafin la'asar sakaliya azabtar da mutane ne. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa na iya tashinku, Mayu da Yuni kuma ɗalibanka na jarrabawa, ba za ka gansu ba. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinku, ga bikin matasa na 11 ga Fabrairu da makarantu ke neman abin nunawa. Gwaji mako huɗu zuwa shida, sau uku a mako, awa biyu, a ajiye takarda a ƙarshen mako na biyu. Na ƙarshe a yi shi da tufafi da makirfo a ainihin filin. 'Yan mata kuwa, ka je gida da kanka ka gaida Baba da Inna, ka faɗi inda ake gwajin da lokacin tashi, kuma a tashi kafin magariba ɗin da ka yi alkawari. Kowane matsayin mace a sami ta biyu da ta haddace shi, don aure ko hanin gida ba ya sallama.

Takardar sanar da taro a kai ofishin sufurefe, wato shugaban gundumar, da wuri, dokar 1990 ta ce aƙalla kwana uku kafin ranar, mai hankali mako guda yake bayarwa. Kafin nan ma a je wa jauro ko lawan na unguwar, in wasan babba ne a kai gaisuwa fadar lamido. Janareta a ajiye shi bayan katanga, mita ashirin ko fiye, da doguwar waya, in ba haka ba shi za a saurara. Ƙarami na shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, ka sayi na awa huɗu ko da wasan na awa ɗaya ne. Lasifika a gaban 'yan wasa take zama tana fuskantar jama'a. In ta koma bayansu makirfo ya kama ƙararta, sai wannan kukan mai tsaga kunne. Fitila biyu daga gaba, dama da hagu, sama da tsayin mutum. Ta baya inuwa kawai take nunawa. Batir sabo ranar wasa, ba wanda aka yi gwaji da shi ba.

Kuɗi shi ke raba ƙungiya, ba rashin gwaninta ba. Shawarata, in an sami sefa 100,000, a fitar da na fili da sauti da fetur da sufuri tukuna, a ware 10,000 a asusun ƙungiya don wasa na gaba, sauran a raba bisa kason da aka amince tun ranar karatun farko, a rubuce, kowa ya sa hannu. Marubuci na da kasonsa daban ko da shi ma ya yi wasa, domin aiki biyu ya yi. In ƙungiyar agaji ce ta ba da aikin, a karɓi rabin kuɗin kafin a fara gwaji, a rubuta adadin garuruwan da za a je da wanda zai ɗauki nauyin abinci da masauki. A kuma rubuta cewa wasan na marubucinsa ne, su sun sayi nunawa ne kawai, don kada baɗi ka ga wasu suna yin sa a Gidar ko Mokolo ba ko sunanka. Mai ƙofa da mai riƙe akwati kada su zama mutum ɗaya, tikiti ya kasance mai lamba, a ƙirga kuɗin a daren gaban mutum uku, a biya kowa kafin a kwance labule.