Zauren kiɗa na yaro da babba: a fara da lissafi da ƙofa kafin a sayi lasifika

A ƙaramin gari, yaro ɗan shekara 15 da ya iya jita ko ya fara rera waƙarsa a ɗaki ba shi da inda zai tsaya gaban mutane. Wuraren da ake kiɗa da dare galibi mashaya ce ko kulob, doka kuma ta hana shi leƙawa. Ga shi ba a zama mawaƙi a ɗaki, sai an tsaya gaban jama'a, murya ta yi rawa, an yi kuskure an gyara. Shi ya sa nake tare da duk wanda ya ƙudiri aniyar buɗe zauren kiɗa marar shamakin shekaru, inda yaro da mahaifinsa za su shiga ta ƙofa ɗaya. Abin da ke ba ni tausayi shi ne yadda masu wannan niyya kan fara daga ƙarshe. Sai su kama hayar gini, su zuba kuɗi a manyan lasifikoki da fitilu masu launi, alhali wurin zai rayu ne da amincewar iyaye da haƙurin maƙwabta.

Gidajen kiɗa na manya ba da kuɗin tikiti kaɗai suke tsayuwa ba, cinikin giya ne ke cike musu giɓi. Wanda ya buɗe ƙofa ga yara ya yafe wannan hanya tun ranar farko, don haka dole ya yi lissafinsa da tikiti. Mu ɗauka zauren yana cin mutum 120, amma a daren da babu baƙon mawaƙi 50 ne ke zuwa. In rabin kuɗin ƙofa na mawaƙa ne, tikiti 25 ya rage wa gida. Wasa huɗu a wata ya ba da tikiti 100. To idan haya da wuta da inshora da lasisin haƙƙin mallakar waƙoƙi sun haura kuɗin tikiti 100, ana bin wurin bashi tun kafin a kunna makirufo. A ƙaramin gari kuma 'yan kallon jiya su ne na yau, ba za a iya tatsarsu dare uku a mako ba.

Saboda haka shawarata ita ce kada a sa hannu a takardar haya sai an yi wasa kamar shida a zauren aro, na makaranta ko na wata ƙungiya, ana rubuta adadin waɗanda suka biya kowane dare. Wasan farko yakan cika saboda ɗokin sabon abu da zuwan 'yan'uwa, na biyar da na shida ne ke faɗin gaskiya. In an kai ga kama gini, kada a bar shi a rufe da rana: a ba ƙungiyoyin kiɗa hayarsa su yi atisaye, a koyar da kayan kiɗa, a sayar da katin zama mamba. Zauren 924 Gilman Street da ke Berkeley a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka buɗe a ƙarshen 1986, 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, da katin mamba mai araha da dokar hana giya da ƙwaya da faɗa, kuma yana cikin wuraren da ƙungiyar kiɗa ta Green Day ta fara fitowa. A kuma tuntuɓi hukumar gari da wuri. A birnin Siyatil na Amurka wata doka ta 1985 ta ɗora wa masu shirya wasa don matasa sharuɗɗan inshora da tsaro masu nauyin da suka kusa kashe harkar, ba a soke ta ba sai a 2002.

Maganar ƙofa ita ce ba ni da sassauci a kanta. A Fabrairun 2003 mutum 100 suka mutu a gobarar kulob ɗin The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, bayan wutar wasa da aka kunna a dandamali ta kama soson da aka manna a bango don rage ƙara. A Janairun 2013 irin haka ya faru a kulob ɗin Kiss a Santa Mariya ta Birazil, rai 242 ya salwanta, mafi yawa hayaƙin soson ne ya kashe su. A Disambar 2004 kuwa, a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, mutum 194 suka mutu a gobarar wani zaure da aka garƙame ƙofarsa ta gaggawa. Abin da ya haɗa su a fili yake: wutar wasa a cikin zaure, abu mai saurin kamawa a bango ko silin, da ƙofar da ta kasa fitar da mutane.

Don haka a auna filin da 'yan kallo za su tsaya, ban da dandamali da teburin mai haɗa sauti, a ware wa kowane mutum kusan rabin murabba'in mita. Fili mai mita 10 a tsawo da 6 a faɗi zai ba da 120, amma faɗin ƙofofi na iya rage wannan adadi, kuma 'yan kwana-kwana ne ke da kalmar ƙarshe. Ƙa'idojin gini da dama sun wajabta mafita biyu da zarar taro ya kai mutum 50, nesa da juna, ƙyaurensu na buɗewa waje da turawa ɗaya. A sa fitilar gaggawa mai batir a saman kowace, domin in wuta ta ɗauke a zauren da ya cika, duhun kaɗai ya isa haddasa turmutsutsu. Mutum in ya firgita ƙofar da ya shigo ta ita yake nufa, shi ya sa ya kamata mai gabatarwa ya nuna ƙofa ta biyu da yatsa kafin a fara kowane wasa. Mai tsaron ƙofa ya riƙe abin ƙirge, in adadi ya cika ya tsayar da shiga ko da ɗan gida ne ya zo. Akwatin ganga ko tarin kujeru a bakin mafita kuskure ne da ake yi kullum, kuma mawaƙa ne suka fi yinsa don saurin kwashe kaya.

Shi kansa soson da ake mannawa a bango ba ya yin aikin da ake zato. Yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, ba ya hana ƙara fita. Nauyi ne ke tare sauti: bango mai kauri, ƙyaure mai nauyi da roba a gefensa, da toshe duk wata kafa da iska ke bi. Sautin bes, wanda ke dukan ƙirji, shi ke ratsa bango ya hana maƙwabci barci bayan muryar mawaƙi ta ɓace. A yi ƙofa biyu a jere da ɗan soro tsakaninsu, yadda ɗaya za ta rufe kafin ɗayar ta buɗe. Don gyara sautin ciki a yi amfani da audugar dutse, wadda ba ta ci da wuta, a rufe ta da yadi mai jure wuta. Sannan a zaga gidajen da ke kewaye tun kafin buɗewa, a ba su lambar wayar da ake ɗauka, a faɗa musu lokacin tashi, a kuma cika alkawari. Sau da yawa hayaniyar matasa a bakin titi bayan an tashi ta fi kiɗan kansa jawo ƙorafi.

Kunnen yara amana ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni ga wuraren kiɗa: matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 a cikin minti 15, a riƙa aunawa, a tanadi abin toshe kunne da wurin hutawa marar hayaniya. Wannan iyaka ce ta sama, kuma inda akwai yara ya kamata a tsaya ƙasa da ita sosai, domin duk ƙarin desibel 3 ninki ne na ƙarfin sautin da ke shiga kunne. A ƙaramin zaure ganga ce ke jan kowa: mai jita ya ƙara don ya ji kansa, mai waƙa ya nemi a ɗaga masa, har makirufo ya kama sautin lasifika ya fara ihu. Maganin a rage daga dandamali ne. Lasifika biyu a ɗage sama da kan mutane kuma gaba da makirufo, biyu a ƙasa don mawaƙa su ji kansu, na'urar haɗa sauti mai layi 12 zuwa 16 da makirufo kamar takwas sun wadatar. A ja wa kayan sauti layin wuta nasu daban da na firiji da fitilu, a daina sarƙa wayar ƙari a kan wata.

Akwai iyayen da za su ce irin wannan wuri matattarar lalacewa ce. Ban ga laifin tsoronsu ba, kuma ba a amsa shi da baki. A bar su su shigo su gani, kyauta ma in ya yiwu. Kada babba ya keɓe da yaro, ko a ɗakin mawaƙa ko a mota, kullum manya biyu ne. Wanda ya fita ya fita ke nan, domin shige da fice ne hanyar da giya da ƙwaya ke bi su shigo. A haskaka harabar waje, a riƙa duba banɗaki, a rubuta dokokin a jikin ƙofa, a kuma zartar da su a kan mawaƙin da ya fi kowa tara jama'a kamar yadda za a yi wa kowa.

Abu na ƙarshe da ke durƙusar da waɗannan wurare gajiya ce, in mutum biyu suka ɗauki komai a kansu. Dare ɗaya yana buƙatar aƙalla mutum biyar: biyu a ƙofa, ɗaya a sauti, ɗaya a dandamali, ɗaya yana zagaya zaure. A koya wa matasan da ke zuwa kallo naɗe waya da riƙe akwatin kuɗi da haɗa sauti, a yi jadawalin karɓa-karɓa, kuma mutum biyu su ƙirga kuɗin ƙofa su sa hannu kafin a biya mawaƙa a daren.