Ƙofar Bayi Mai Santimita 45

Kun dai san na cike fom ɗin aikin gwamnatin nan na masu zanen gini, kuma tun da aka ce akwai jarrabawa na ɗauke ƙafa daga wajen ataya. AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, ba ta ba ni tsoro. Zanen hannu ne abin ji, don rabona da allo da fensir 2H tun muna makaranta. Na je Adum, cikin garin Kumasi, na sayo takarda A1 da rular sikeli mai fuska shida, daren Laraba na zauna zana ɗaki biyu da falo a 1:50, wato milimita ɗaya a takarda hamsin ce a gini. Ina tsaka da aiki dumsor ta yi halinta, aka ɗauke wuta. Na ƙarasa da fitilar waya a baki.

Da safe na nufi wajen Baba, tsohon nan da ya ƙare aikinsa yana zana kwalbatoci. Na tarar da shi a teburin mai shayi a Aboabo. Da ina da hankali da na jira ya koma gida. Ina! Rawar kai ta sa na shimfiɗa takardar nan take, na danne kusurwoyinta da gwangwanayen madara.

Baba ya sa tabarau. Ya ciro tasa rular, wadda ta girme ni. Ya auna, ya yi shiru, ya sake aunawa.

"Ɗana, wannan bayin na kyanwa ne?"

Na ce, "Baba, na mutane ne."

"Ƙofa milimita 900, a 1:50 nawa take zama a takarda?"

"18, Baba."

"To taka 9 ce."

Ashe a cikin duhun nan rular ta mirgina zuwa fuskar 1:100 ban sani ba. Ƙofata santimita 45 ke nan. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya sa yaron mai shayi ya jawo benci biyu, ya auna 45 a tsakaninsu, ya ce, "Alhaji, taso ka zaga bayin injiniya." Kun san wane Alhajin nake nufi, mai ƙaton tumbin nan. Bawan Allah ya ajiye kofinsa, ya tattare babbar riga, ya gwada ta gaba, ya gwada a karkace, ya tsuke tumbi har idonsa ya yi ja. Ya ce ko ya haɗa azumi talatin da sitta Shawwal ba zai wuce ba. Har wani yaron trotro, motar haya, ya bar kiran fasinjan Kejetia ya tsaya kallo.

Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro telan nan ne na bakin kwata. Shi ne harda riƙe ciki yana cewa "awo ai baiwa ne". Shi! Mutumin da ya ɗinka mini wandon ƙaramar Sallah ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da na yi magana ya ce tsayuwata ce ba daidai ba. Yadina na babbar Sallah yana shagonsa har yau, da sidi 50 na kafin alƙalami. Jiya na wuce ya ɗaga tef yana tambayata ko zan ara.

Ƙanwata ta ɗiga wa fuskar 1:50 jan farce don kada in sake. Yanzu kuma ya rufe mini lamba ɗaya.