Rake ba ya zama tuwo

Yau sati 3 ke nan muna awo a gidan nan, gidan manomi ɗan manomi, a ƙasar Makarfi. Da aka kawo ni gidan nan rumbu 2 na tarar, ɗaya dawa ɗaya masara, har maƙwabta muke ba wa rance idan marka ta kama. Yanzu ni ce mai tura yaro kasuwa da leda ya awo mana tiya ɗaya. Rumbunan suna nan, kaji ne ke ƙwai a ciki.

Ba fari aka yi ba, ba ambaliya ba. Rake ne ya cinye mu.

Shekara 4 da suka wuce maigida ya ga wani abokinsa ya sayar da gonar rake ya fito da sabon babur. Daga nan ya shuke fadamarmu kaf, wurin da muke shinkafa da damina, da rani kuma mu yi masara da tumatir da alayyafo. Na ce, "Malam, a bar mana ko gefe ɗaya saboda tukunya." Ya ce, "Uwargida, ki kwantar da hankalinki, kuɗin rake zai sayi hatsin da rumbu ba zai ɗauka ba." To ga mu nan, an saki reshe an kama ganye.

Wanda bai taɓa noman rake ba ba zai gane ba. Wata 10 zuwa shekara yake kwance a gona. Ƙasar da take ciyar da mu sau 2 a shekara yanzu sau ɗaya take magana, maganar ma da kuɗi, ba da abinci ba. A tsawon watannin nan sai ci yake: a sayi iri, a sayi taki, a sayi fetur a zuba wa injin ban ruwa, a biya 'yan ƙwadago, a yi maganin gara. Ɗan takin da za a kai gonar tudu ma, inda ragowar dawarmu take, sai a ce rake ya fi buƙata. Dawa ta fito a tsamure kamar tsintsiya, a ce ƙasa ce ta gaji.

Amma wanda ya fi ƙona min rai dillali ne. Ya san lokacin da gida yake kuka. Ba ya zuwa sai watan Agusta, hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin yara. Sai ya zagaya gona yana taɓe baki, ya saye ta a tsaye da kuɗin da ya ga dama, ya ajiye kafin alƙalami, ya ce sauran sai mota ta dawo daga Kudu. Motar nan kuwa ba ta taɓa dawowa da daɗin labari ba. Yau kasuwa ta faɗi, gobe an tare hanya, jibi direba ya kwana 3 da lalacewar mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya samu sabon karatu: kuɗin mota. Mu namu injin ban ruwan da ruwan rijiya yake tashi?

Kuma ba ka da bakin musu, don rake ba ya jira. Da an sare shi, 'yan kwanaki kaɗan ya fara bushewa, ruwansa ya yi tsami. Masara kuwa ka zuba ta a rumbu, ka ci, ka sayar da mudu 2 ranar da ka matsu, ka riƙe sauran har ta yi daraja. Kuɗin rake a dunƙule yake shigowa, a aljihun namiji, kafin wata guda ya narke: bashi, biki, gyaran babur. Lokacin da za a tuna da hatsi, ya riga ya yi tsada. Ko ɗan abin da nake samu daga tumatir da alayyafo in sayi sabulu da daddawa, ya tafi tare da fadamar.

Wani ɗan boko a dangi ya ce mu yi haƙuri, gwamnati tana da babban shiri kan sukari tun 2012. Na ji. Masana'antun suna can Numan da Sunti, nasu raken daban ne, siriri mai tauri. Namu na sha ne da mazarƙwaila, kuma har yau ɗanyen sukarin da ake tacewa a ƙasar nan yawancinsa daga Barazil ake shigo da shi. Wane shiri ne zai sa min gari a tukunya yau da dare?

Jiya autana ya dawo daga makaranta yana kukan yunwa, babansa ya karyo masa gaɓa 2 na rake. Ya tsotse, ya zubar da totuwar, ya dube ni ya ce, "Umma, yaushe za a yi tuwo?"

Na gaya wa Malam a gaban mahaifiyarsa, don kada gobe a ce ba a ji ba: bana idan aka sari raken nan, kashi ɗaya cikin 3 na fadamar masara za a shuka, ko da ni zan ɗauki fartanya. Irin ma na riga na saya da kuɗin adashina, yana cikin tulu a ƙarƙashin gadona, na liƙe bakinsa.