Kufan Rumawa a Ingila da rijiyoyin kawuna a Kano

A watan Yulin da ya wuce na ɗauki hutun mako biyu daga wurin aiki, na kuma ƙarar da shi kaf a durƙushe cikin wani rami, a bayan wani ƙauye na arewa maso gabashin Ingila. Fili ne na kiwon tumaki, amma a ƙarƙashin ciyawarsa akwai kufan wani gari na zamanin Rumawa, a bakin tsohuwar hanyar sojojinsu da ake kira Dere Street, wadda ta taso daga York ta miƙa Sikotilan. Sanarwar a allon laburaren unguwarmu na gan ta: ana neman mutanen gari, ko da ba su taɓa riƙe shebur ba, su zo a koya musu tonon kayan tarihi. A cikinmu akwai tsohuwar malamar firamare, da direban bas da ya yi ritaya, da 'yan makarantar sakandare, sai ni, ɗan cikin birnin Kano.

Rumawa sun shigo ƙasar nan a shekarar 43 miladiyya, mulkinsu ya ƙare wajen 410. A 122 sarkinsu Hadiriyan ya sa aka fara ganuwar nan mai tsawon kusan kilomita 117, daga teku zuwa teku. Mu ba barikin soja muka tona ba. Garin fararen hula ne da ya tsiro a bakin ƙofar bariki, na mahauta da maƙera da masu sayar da abinci da iyalan sojoji. Da aka yi mana bayaninsa sai kasuwar mami ta faɗo mini a rai, nan take na fahimci irin wurin.

A rana ta biyu ina kankare ƙasa da ɗan cokalin magina sai gefen wani jan tsingaro mai sheƙi ya leƙo. Irin kwanukan nan ne da ake yi a Faransa ta yau a yi fataucinsu har nan. Na kai hannu zan zaro shi, malamar da ke kula da raminmu ta dakatar da ni. Ta ce in bar shi, in ci gaba da share ƙasar da ke kewaye da shi har sai ya fito da kansa. Wannan ƙasa an ba ta lamba, an zana ta a takarda, an auna zurfinta, an ɗauki hotonta, sannan tsingaron ya shiga leda mai ɗauke da lambar. Ta ce irin wannan kwanon sun cika gidajen tarihi, abin da ba su da shi shi ne sanin cewa wannan ɗin a ƙarƙashin daɓen ɗaki yake, a saman tokar wata gobara.

Gaba ɗaya ilimin a nan yake. Ƙasa hawa-hawa take kwanciya, na ƙasa ya girmi na sama. In ka sami kwabo a ƙarƙashin daɓe, ka san ba a yi daɓen ba sai bayan an buga kwabon. Ramin shara da aka haƙa daga baya yana yanka tsofaffin shimfiɗu, kuma launin ƙasarsa kan tona masa asiri. Mai tono kuwa rushe shaidar yake yi yana tafiya, ba a tona wuri ɗaya sau biyu. Shi ya sa rubutu ya fi haƙa cin lokaci.

Da daddare na kira kawuna, wanda ya yi shekara fiye da talatin yana haƙar rijiya a Kano da ƙauyukanta. Ina cikin ba shi labari ya katse ni. “Ɗana, ai wannan ba baƙon abu ba ne. Ni in na sara ƙasa na san ko an taɓa zama a wurin. Ƙasar juji daban, ƙasar tsohon bango daban, wadda hannu bai taɓa taɓawa ba ita ma daban.” Ya lissafa mini abubuwan da ya sha cin karo da su: bakin tsohuwar marina, kashin maƙera, randuna a kife, duwatsun wuya. Na ce, “Kawu, ina kuke kai su?” Ya ce a gefen rami ake zubarwa, yara su yi wasa da su. Babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yau. Idon da na kwashe mako biyu ina fafutukar samu, kawuna yana da shi tun kafin a haife ni. A nan Ingila an ɗauki mutumin da bai san komai ba a kan ƙasa an koya masa, an kuma rubuta sunansa a takardar aikin. A gida muna da masu haƙar rijiya da magina da mata masu ginin tukwane da maƙera, waɗanda sun san ƙasa kamar tafin hannunsu, amma ban taɓa ganin sanarwar da ta gayyace su ba.

Alhali kuwa irinsu ne suka ba mu manyan abubuwan da muke taƙama da su. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Bai farfasa shi ba, labari ya kai ga hukuma. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka fito da shi a 1994: kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya kai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ya girmi garin da na tona da shekara kusan dubu shida. Kayan Nok ma, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na ƙauyen Nok a jihar Kaduna ta yau, masu haƙar kuza ne suka fara turo su waje a 1928, kafin Baturen masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gane darajarsu a shekarun 1940.

To amma dubi abin da ya biyo baya. Da duniya ta san kuɗin da ke cikin mutum-mutumin Nok, sai aka shiga farfasa ƙasa ana kwashewa ana fitarwa Turai. Haka aka yi wa maƙabartar Bura a Nijar, wadda aka gano a 1975, masanin kayan tarihi Boube Gado ya tona ta a 1983. Kan yumɓun da aka fizge daga mazauninsa aka ajiye a falon wani attajiri kyau kawai ya rage masa, ba zai ƙara gaya wa kowa su wa suka yi shi ba, ko yaushe, ko don me. Ganuwarmu ta Kano kuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta shekara ɗari tara da suka wuce, da idona na ga ana sararta da diga ana loda wa jakuna ƙasar gini, ina yaro. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Kowane yanki na badala da ya tafi, ya tafi da hawa-hawan da za su nuna wane sarki ya ɗora me.

Ba na yarda da masu cewa Turawa sun fi mu son tarihi a jini. Ganuwar Hadiriyan kanta, manoma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kwasar duwatsunta suna gina gidaje da coci-coci, kuma a shekarun 1750 gwamnati da kanta ta shimfiɗa hanyar soja a kan wani dogon sashe nata. Sai a ƙarni na 19 wani lauya mai suna John Clayton ya riƙa sayen gonakin da ta ratsa don ya tsare abin da ya rage. Abin da ya sauya shi ne tsari. Tun 1990 aka ɗora wa mai son yin gini nauyin biyan kuɗin binciken abin da ke ƙarƙashin filinsa. Dokar 1996 ta tanadi lada ga wanda ya tsinci dukiyar dā ya kai rahoto, a 1997 kuma aka kafa tsarin da mutum zai kai abin da ya tsinta a rubuta shi a mayar masa da kayansa. Mu ma muna da Hukumar Gidajen Tarihi tun 1979, muna da sashen wannan ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai dai talaka ya fi jin labarin hani da hukunci fiye da labarin lada.

Ga kuma gaskiyar da ba zan tsallake ba. Direban bas ɗin da muka yi aiki tare yana da fansho, zai iya ba da mako biyu kyauta. Kawuna in bai shiga rami yau ba, ba a ɗora tukunya a gidansa. Duk wanda zai kwaikwayi wannan tsari a gida dole ya biya mutane kuɗin yininsu, ba a matsayin leburori masu kwasar ƙasa kawai ba, a matsayin masu koyo kuma masu koyarwa. A yi shi da rani bayan an gama girbi. A zaɓi kufai ɗaya, a buɗe rami ɗaya, da izinin hukuma da na mai gari. A yi bayanin da Hausa. A zaunar da tsohuwa mai ginin tukwane gaban tiren tsingaro ta ware na tulu da na tukunyar miya, a miƙa wa maƙeri kashin tama ya faɗi irin wutar da ta narkar da shi. Abin da aka samu kuma a fara nuna shi a makarantar garin kafin a kai shi birni.

Wani abokina ya ce mini wannan duk tonon gumakan jahiliyya ne. Na girmama damuwarsa, amma abin da na tona ƙusoshi ne da ƙasusuwan shanu da gawayin murhu, rayuwar talakawa irinmu. Kuma a cikin Suratur Rum ɗin nan, mai ɗauke da sunan Rumawa, aka umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance.

A ranar ƙarshe muka shimfiɗa kyalle a ƙasan ramin aka mayar da ƙasa, don masu zuwa baɗi su san inda muka tsaya. Kafin a rufe na ɗauki hoton bangon ramin na tura wa kawu ta wayar ɗansa, ban yi masa bayanin komai ba. Washegari saƙon murya ya shigo. Ya ce baƙin layin nan na tsakiya gobara ce, kuma mutanen ba su gudu ba, don ga sabon daɓe nan an yi a kansa. Abin da malamarmu ta rubuta a takardar ke nan.