Kalmar da ta fi farin jini ba ita ke kawo ciniki ba

Da zarar mai kasuwanci ya buɗe shafi a intanet, ba a daɗewa sai a kawo masa jerin kalmomi, kowace da adadin mutanen da ke nemanta a wata. Ido kuwa kan manyan lambobi yake fara sauka. Mai gyaran kwamfuta ya ga dubban mutane na rubuta "kwamfuta" a Google, sai ya ce ai wannan ce kalmarsa, a zuba kuɗi da lokaci a kanta. A ganina nan ne yawancin ƙananan kasuwanci ke tafka asarar farko, tun ba a rubuta layi ɗaya a shafin ba. Kalmar da ta dace da kasuwanci ita ce wadda mai niyyar biyan kuɗi yake rubutawa a lokacin da buƙata ta kama shi, wadda kuma shafinka zai iya amsa masa fiye da na wasu. Yawan masu nema daga baya yake zuwa.

A tambayi kai: wane ne ke rubuta "kwamfuta" ita kaɗai? Ɗalibi ne da aka bai wa aikin gida, ko mai neman hoto, ko mai son sanin sabon samfurin da ya fito, ko wanda ma bai gama tantance abin da yake so ba. Shi kuwa wanda allon kwamfutarsa ya fashe da daddare, gobe kuma yana da aikin da zai miƙa, ba ya rubuta kalma ɗaya. Yakan rubuta sunan samfurin, ya ce allo ya fashe, ya tambayi inda ake canzawa kusa da shi. Masu rubuta irin wannan jimla ba su da yawa, amma kusan kowannensu hannunsa na kan aljihu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko sisi, kuma mutane ƙalilan ne ke yinsa kafin su yanke shawara. Ka rubuta kalmar a waya, ka duba abin da ya fito da idon basira. Idan kalma ce gama-gari, za ka tarar da tallace-tallace a sama, sai hotunan kaya daga manyan kantunan intanet, sai Wikipedia, sai kamfanonin da ke ƙera na'urar da kansu. Ka yi ta jan allo ba ka ga ƙaramin kasuwanci ko ɗaya ba. Wannan shafin sakamako hannunka mai sanda ne: Google na nuna maka abin da ya fahimci masu rubuta kalmar suna so, da kuma su waye suka riga suka kama wurin. Idan kuma ka rubuta doguwar jimlar nan ta allon da ya fashe, sai ka ga taswira, da shagunan gyara, da lambobin waya, da shafuka biyu ko uku da ba su ma amsa tambayar da kyau ba. Wurin da ake iya kutsawa ke nan.

Tunanin bin kalma mai yawan jama'a da cusa ta ko'ina yana da asali. Injunan bincike na shekarun 1990 sun dogara sosai da ƙirga sau nawa kalma ta bayyana a shafi, don haka masu wayo suka riƙa maimaita ta, har da ɓoye ta da launin da ido ba ya gani. Dabarar ta yi aiki na wani lokaci, sannan ta fara jawo hukunci. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga sakamakonsa na ɗan lokaci, saboda shafukan da aka cika da kalmomi don injin bincike alhali mutum wani abu dabam yake gani. A 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya amfani da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi wajen tsara sakamako. Sauyin da Google ya yi wa injinsa a 2011, mai suna Panda, ya danne shafukan da ba su da abin kirki a ciki, Penguin na 2012 ya bi ta kan masu maguɗi. Amma har gobe akwai masu karɓar kuɗin mutane suna sayar musu da dabarun da suka mutu fiye da shekaru goma da suka wuce, kuma wannan abin takaici ne, domin wanda ake cuta yawanci bai da hanyar ganewa.

Sauyin da ya fi shafar batun zaɓen kalma shi ne yadda injin ya koyi fahimtar jimla. Daga sauyin Hummingbird a 2013, zuwa RankBrain a 2015, zuwa BERT a 2019, Google ya yi ta matsawa daga daidaita harafi da harafi zuwa gane abin da mai tambaya yake nufi. Lokacin da ya gabatar da BERT ya kawo misalin ɗan Brazil da ke tambaya ko yana buƙatar biza zuwa Amurka. A da sakamakon kan kawo bayani game da Ba'amurke mai zuwa Brazil, saboda injin bai kula da ƙaramar kalmar da ke nuna inda aka dosa ba. Kamfanin ya kuma sha faɗa cewa kashi 15 cikin 100 na tambayoyin da yake samu a kullum bai taɓa ganin irinsu ba. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna iyakar kowane jerin kalmomi: babu manhajar da za ta ba ka ƙididdigar tambayar da ba a taɓa yi ba. Shafin da ya warware matsala guda sarai yana iya fitowa a ɗaruruwan jimloli da mai shi bai taɓa tunaninsu ba.

To daga ina kalmomin za su fito? Daga bakin abokan ciniki, kafin ko'ina. Mai sana'a yana da yarensa, mai saye yana da nasa, kuma na mai saye ake rubutawa a akwatin bincike. Injiniya zai ce matsalar ta na'urar sanyaya ciki ce, mai kwamfutar kuwa cewa yake yi tana zafi tana mutuwa da kanta. Akanta zai rubuta sunan hidimarsa kamar yadda yake a littafi, mai ƙaramin kamfani kuwa tambaya yake yi yadda zai shirya takardun haraji kafin wa'adi ya cika. Duk wanda ya zauna ya karanta saƙonnin da aka turo masa cikin wata uku, ya rubuta tambayoyin da ake maimaita masa a waya yadda aka furta su, ya riga ya mallaki jerin da ya fi na saye daraja.

Bayan haka sai kayan aiki. Google Search Console, manhajar Google ta masu shafi, kyauta ne, kuma yana nuna ainihin jimlolin da shafinka ya bayyana a kansu, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka latsa, da matsayin da yake, har na tsawon wata 16. Ni wurin da nake ba da shawarar a fara dubawa shi ne jimlolin da shafi ke zaune tsakanin matsayi na 11 da na 20. Google ya riga ya yarda kana da alaƙa da su, ɗan gyara ne ya rage: ƙarin bayani, kanun da ya fi fito da abin, amsar tambayar da aka tsallake. Shawarwarin da ke saukowa yayin da kake rubutu a akwatin bincike, da tambayoyi masu alaƙa da ke tsakiyar shafin sakamako, su ma daga binciken mutane aka samo su. Sai dai a yi hattara da Keyword Planner, manhajar Google mai nuna yawan masu neman kalma. Don masu biyan talla aka yi shi, kuma abin da yake kira gasa yana nufin yawan masu tallan da ke rububin kalmar, ba wahalar hawa sama a sakamakon kyauta ba. Mutane da yawa kan ruɗe a nan. Lambobin manhajojin binciken kalmomi irin su Ahrefs da Semrush kuma ƙiyasi ne, suna da amfani wajen kwatanta kalma da kalma, amma ba a gina kasafi a kansu kamar an auna.

Akwai mai cewa wannan hanya tana takaita buri, wai idan kowa ya tsaya kan ƙananan jimloli yaushe kasuwanci zai girma. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ta fuska biyu. Jimlar da babu mai nemanta ko kaɗan ba ta da amfani komai dacewarta, shi ya sa duba ƙididdiga bai zama ɓata lokaci ba. Kuma kamfanin da ya riga ya yi suna, wasu shafuka masu daraja na nuni zuwa gare shi, wato suna sanya mahaɗin da ke kai mutum shafinsa, yana da hurumin neman manyan kalmomi. Amma sabon shafi ba ya da wannan jari. Tun daga tsarin PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kansa a 1998, nunin da wasu shafuka ke yi zuwa naka yana cikin abin da ke ɗaga ka, kuma ba a tara shi dare ɗaya. Shafuka ashirin da kowanne ke kawo mutum biyar masu buƙata ta gaske sun fi shafi ɗaya da ke can shafi na shida na sakamako inda ba mai leƙawa. Ta hanyar ƙananan ne ma ake tara amincin da wata rana zai ba da damar tunkarar manyan.

Wani dalili ya ƙaru a baya-bayan nan. Tun watan Mayun 2024, lokacin da Google ya fara sanya taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako a Amurka kafin ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe, tambayoyin neman sani kawai sukan sami amsa ba tare da an shiga shafin kowa ba. Wanda ya gina fatansa kan "mene ne kaza" yana iya hawa sama kuma ya rasa baƙi. Amma taƙaitaccen bayani ba ya canza allon da ya fashe, ba ya cike takardar haraji. Mai irin wannan buƙata dole ya isa ga mutum. Ga kasuwancin da ke hidima a wuri guda kuma, Google ya bayyana cewa abu uku yake dubawa a sakamakon taswira: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Saboda haka cike bayanan Google Business Profile daidai, wato bayanan kasuwancinka da ke fitowa a taswirar Google, da zaɓen rukunin sana'a na gaskiya, yana cikin aikin zaɓen kalma.

Idan an zaɓa, sauran ba shi da sarƙaƙiya. Kowace buƙata a ba ta shafinta, kada a tara gyara da sayarwa da haya wuri guda, kada kuma a yi shafuka uku masu faɗin abu ɗaya su riƙa gasa da juna. Jimlar ta fito a kanun shafi da farkon bayani yadda mutum zai faɗe ta, sannan a ci gaba da magana da mai karatu: me ake yi, kwana nawa yake ɗauka, me ba a yi.

Sai haƙuri, da sanin abin da za a auna. Google da kansa ya rubuta wa masu neman ɗaukar ƙwararre kan ɗaga shafi a sakamakon bincike cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma yawanci akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin gyara. Duk wanda ya yi maka alkawarin mako biyu, ka tambaye shi a kan wace jimla, domin hawa na ɗaya a kan abin da ba mai nema abu ne mai sauƙi. Rahoton da za ka nema daga gare shi a ƙarshen wata shi ne kira nawa aka yi, saƙo nawa aka turo, oda nawa aka bayar, kuma daga wane shafi kowanne ya zo.